Dattijo Felix Yana Son A Ɗinke Mujallu

Shekara nawa na yi ina roƙon dattawan majami'armu su yarda a ɗinke mujallun nan, ni kaina na daina lissafi. Duk taron da aka yi sai na miƙe na ce gara na ci, ɓeraye na ci, rufin ɗakin karatu yana yoyo daidai kan kantar da suke. Duk taron kuma sai Dattijo Felix ya gyara tabarau ya ce, "Malama Ƙauna, takarda ba ta jin yunwa. Bari mu fara da masu rai." A yi dariya, in koma in zauna raina a ɓace.

Ni ce mai kula da ɗakin karatun majami'ar, nan Samaru. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma in buɗe ɗakin. Ba wani babban wuri ba ne, benci biyu ne da tebur, da littattafan da turawa suka bari waɗanda ba mai taɓawa. Abin da muke da shi wanda babu a wani wuri shi ne Kakakin Zumunta, mujallar da gundumarmu ta riƙa bugawa wata-wata tun zamanin iyayenmu, har ta mutu. Na sauran majami'u duk sun watse. Namu ne kaɗai cikakku, kowace shekara na ɗaure ta daban da igiya.

Wata yamma, damina ta yi tsakiya, sai ga Mama Bibiana ta shigo tana dogara lema. Ƙawar mahaifiyata ce, kuma da na haifi ɗana na fari mahaifiyata ta riga ta rasu, ita ta yi mini wankan jego. Mijinta, Mai Bishara Albert, ya mutu bara waccan. Gidan da suke ciki a Bomo majami'a ce ta ba su, kuma tun ina yarinya a nan na san su. Yanzu Bomo ta cika da ɗalibai masu neman haya, sai kwamitin gine-gine ya ce filin ya yi wa tsohuwa ɗaya yawa, za a rushe gidan a zuba ɗakuna. Shugaban kwamitin kuwa Dattijo Felix ne.

Ta zauna a benci tana haki. Ta ce, "'Yata, sun ce wai shi kaɗai aka ba, ya mutu magana ta mutu. Ni kuwa na san da sunana a ciki. An buga a jaridar nan taku, maigidana ya karanta mini har na gaji da ji. Tawa gara ta cinye."

"Wace shekara, Mama?"

"Shekarar da aka yi mana rijiya."

Haka muka yi ta kwance igiya muna neman shekarar rijiya. Tsofaffin fitowar dogaye ne, sun fi na baya-bayan nan tsayi sosai, takardar ta yi ja, tana wari irin na tsohon akwati. Can na same shi, a bangon baya na fitowar Maris 1991, a ƙasa can, ƙarƙashin sanarwar aure da ta rasuwa. An matse rubutun don ya samu wuri. Na karanta mata da ƙarfi:

"Majalisar dattawa ta ba Mai Bishara Albert gidan ikkilisiya da ke Bomo, saboda hidimarsa, ya zauna a ciki muddin ransa, shi da matarsa Bibiana, har Ubangiji ya kira su duka biyu."

Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Na gode, Yesu." Ni ma sai da na yi ƙwalla. Na ɗauki hotonsa a waya, na ce mata ta je ta yi barcinta.

Ina juyowa, sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa yana kakkaɓe ruwa daga hularsa. Dattijo Felix. Mutumin da rabonsa da ɗakin nan tun ranar da aka keɓe shi da addu'a. Ya gaishe da Mama har da rusunawa, ya ce ruwa ne ya koro shi. Bai tambayi abin da muke yi ba. Amma idonsa ya sauka kan tebur, ya daɗe a can kafin ya ɗauke.

Washegari na kai wa Fasto mujallar. Fastonmu mutumin kirki ne, sai dai in iska ta kaɗa gabas yana gabas. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Mayar da ita wurinta. Shugaban gunduma zai zo bikin cikarmu shekara hamsin, bayan biki za a zauna a kan maganar gidan. Ranar sai ki kawo."

Ran Lahadi bayan sujada aka yi taron shirin biki. Ban ma ɗaga hannu ba, sai Dattijo Felix ya miƙe. Ya ce abin kunya ne baƙi su zo su tarar da tarihin ikkilisiya a ɗaure da igiya kamar itacen wuta. Ya ce gara na ci, ɓeraye na ci, rufi na yoyo. Maganata ce tsaf, ko gishiri bai ƙara ba. Ya ce a ɗinke su duka kafin biki, a yi musu bango mai kauri da rubutun zinariya, kuma shi zai ɗauki nauyi daga aljihunsa. Aka yi tafi. Wata ta daki kafaɗata ta ce, "Ke, addu'arki ta karɓu."

Ni kuwa ban yi tafi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ko fitila ta mutu a majami'a sai an kafa kwamiti kafin ya yarda a sayi ƙwai, yau shi ne mai buɗe aljihu don takarda?

Kuma na san abin da yawancinsu ba su sani ba. Al'adar masu ɗinkin mujallu ce, in za su haɗa na shekara guda su zama littafi, sai su cire bangon kowace fitowa, gaba da baya, su zubar, don littafin ya kwanta lafiya. Duk wanda ya taɓa aiki kusa da ɗakin karatu ya san haka. Dattijo Felix kuwa a ofishin ajiyar takardu ya yi aiki har ya yi ritaya. Gidan Mama Bibiana yana bangon baya.

Na miƙe na ce, "Na gode wa Dattijo, amma ba yanzu ba."

Aka juyo ana kallona.

Na ce, "Ba a ɗinki da damina. Gam ba ya bushewa, takarda ta sha sanyi, in aka rufe ta a haka za ta yi fumfuna. A bari sai rani."

Dattijo Felix ya yi murmushi. Ya ce, "Ikon Allah. Da muka ce a jira, kin ce mun ƙi tarihi. Yau mun ce a yi, kin ce a jira. Malama, ko dai akwai wani dalili da ba mu sani ba?"

Kai, mutumin nan ya iya magana! Sai da ya sa duk ido ya dawo kaina, kamar ni ce mai ɓoye-ɓoye. Na buɗe baki zan fasa ƙwai, Fasto ya yi mini alama da hannu in yi haƙuri. Aka kaɗa ƙuri'a, ni kaɗai na ƙi.

Ranar da za a kwashi mujallun na riga kowa zuwa. Na zare fitowar Maris ɗin nan na sa a jakata, na mayar da igiya yadda take. Na ce a raina a ɗinke sauran, wannan dai tana wurina har ranar zama. Dattijo Felix ya iso da motarsa. Na zaci zai ce a loda kawai. Ina! Sai ya ja kujera ya zauna, ya ce gara a duba kafin a fita da kayan ikkilisiya. Ya riƙa kwance ɗauri yana bin watanni da yatsa, a hankali, yana ɗan rera waƙar sujada a maƙogwaro. Na tsaya ina kallonsa.

Ya zo kan shekarar, ya tsaya. "Fabrairu. Afrilu." Ya ɗago. "Maris fa?"

Na ce, "Wataƙila ta shiga wani ɗauri."

"Wataƙila." Ya dubi jakata da ke rataye a ƙusa, ya dawo da ido kaina. "Ke kika koya mana cewa ba a ɗinke shekarar da ba ta cika ba. To ga wani abu kuma, Malama, shawara ce ta uba. Takardar da ta fita daga ɗakin nan ta kwana a gidan wani, in ta dawo ba ta da sauran daraja a gaban majalisa. Za a ce an taɓa ta. Yaran nan masu injin buga takardu na PZ, can Sabon Gari, babu abin da ba sa bugawa."

Na tsani in yarda da shi, amma gaskiya ya faɗa. Kowa ya san tsakanina da Mama Bibiana. Na yi kamar ina lalube a ƙarƙashin tebur, na juya masa baya, na zaro ta daga jakar na ce ga ta nan ta faɗi. Ya karɓa ya sa ta tsakanin 'yan'uwanta, ya ɗaure igiyar da kansa.

Na ce, "Zan bi ku."

Ya ce, "Bismillah, mota ai ta ishe mu."

Daga Samaru har Sabon Gari ba mu yi wata magana ba sai ta ramukan hanya. Shagon Oga Emenike yana wani lungu bayan PZ, tsakanin mai walda da mai sayar da tayoyi. A nan Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tawa, kuma rabin ɗaliban Zariya shi ke ɗinke musu kundin kammala karatu. Gajere ne mai tumbi, kullum fensir a bayan kunne, hannunsa duk busasshen gam.

Tun kafin a gama sauke kaya na ce, "Oga, magana ɗaya na zo da ita. Bango ko ɗaya kada a cire. Gaba da baya, kowace fitowa, a ɗinke da bangonta."

Ya ce, "Haba Madam, zai yi kumburi fa. Littafin zai buɗe baki kamar kada. Kuma aikin ya ƙaru."

"Ya buɗe baki har kunne. Na ce kada a cire."

Na juya ina jiran Dattijo Felix ya kawo dalili, don na shirya masa amsa tun daga gida. Sai kawai ya ce, "Yi yadda ta ce, Emenike. Ita ce mai ɗakin."

Shi ke nan? Ba gardama, ba gyaran tabarau? Wannan saurin yarda ya fi tayar mini da hankali fiye da a ce ya ƙi. Na ce a raina, kifi na ganinka mai jar koma. Zai bari in tafi, ya dawo ta baya ya canja magana.

Don haka na mayar da shagon nan gidana. Ina tashi daga makaranta sai in hau keke napep zuwa PZ. In tarar da Oga Emenike yana ɗinki, in ce a nuna mini. In leƙa kwandon shara, in ɗaga kwalaye. Ran nan har mai ƙosan bakin lungu na tsaya na duba takardar da take naɗi da ita, matar ta bi ni da kallo kamar mahaukaciya.

Oga Emenike ya gaji. Ya ce, "Madam, wai cin bango nake yi? Shekarata nawa a wannan aiki, ba wanda ya taɓa tsare ni kamar ɓarawo."

Na ce, "Dattijo ya dawo nan?"

"Ya zo."

"Ya ce me?"

"Ya zaɓi launin bango. Ja mai duhu. Ya ce rubutun ya zama zinariya."

"Shi ke nan?"

"To me kike so ya ce?" Ya jawo wani ɗauri daga ƙarƙashin ƙarfen da ya danne shi, ya dangwara mini a gaba. "Ga shekarar da kike ta tambaya. Duba da idonki, ki bar ni in sha iska."

Na buɗe. An ɗinke ta tsaf da zare, daga Janairu har Disamba, kowace da bangonta. Na je Maris, na juya baya. Yana nan. Na bi shi da yatsa har "duka biyu". Zare ya riga ya ratsa ta, ba mai zare ta yanzu sai ya ɓarke littafin gaba ɗaya. Oga Emenike ya ce saura a gyara baki a sa kwali kawai. Na sauke ajiyar zuciya, har na saya masa lemo don in wanke laifina. Na biya ta Bomo na ce wa Mama Bibiana an gama, gidanta ya shiga littafi, ko gara ta bar shi. Ta cika mini leda da kuɓewa daga bayan gidan.

Daga ranar ban koma PZ ba. Jarrabawar yara ta zo, ga atisayen waƙar biki. Har na fara jin kunyar zargin da na yi wa Dattijo Felix. Na ce wataƙila tsufa ne ya sa shi son barin abin tunawa.

Ranar biki majami'a ta cika har waje. Zumuntar Mata sun yi anko, an yanka sa. Bayan wa'azi aka ce Dattijo Felix yana da kyauta. Aka yaye wani farin ƙyalle a gefen bagadi, sai ga kabad mai ƙofar gilashi, sabo fil, yana ƙamshin fenti. A ciki littattafan ne jere, ja mai duhu, zinariya na walƙiya. Jama'a suka yi guɗa. Ni ma na tafa, don gaskiya sun yi kyau. Sun jeru kai ɗaya, kamar an ja musu layi da rula.

Ina cikin tafi sai hannuna ya tsaya.

Kai ɗaya? Ta yaya? Tsofaffin ai sun fi sababbin tsayi. Ni na ɗaure su da hannuna shekara da shekaru, na san ba sa jeruwa.

Ban san yadda aka gama sujadar ba. Ana fita cin abinci na karɓi makullin kabad a hannun Fasto, na zaro na 1991. Bakinsa sumul, fari tas, kamar an yanka sabulu. Na buɗe Maris, na juya baya. Bangon yana nan. Sanarwar aure tana nan, ta rasuwa tana nan. A ƙasa kuma: "Majalisar dattawa ta ba Mai Bishara Albert gidan ikkilisiya da ke Bomo, saboda hidimarsa, ya zauna a ciki muddin ransa". Daga nan sai bakin takarda. Layin ƙarshe babu shi. Abin da ya rage 'yan ɗigo-ɗigo ne a gefe, kawunan dogayen haruffa, kamar kashin ƙuda.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ni ina can ina gadin bango.

Da sassafe ran Litinin, ko makaranta ban je ba, na dira a shagon. Oga Emenike yana buɗe ƙofa na tura masa littafin a ƙirji.

"Wa ya ce ka yanke?"

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Madam, kowane littafi ana gyara masa baki. Na gaya miki."

"Gyara baki ne wannan? Ka cinye rubutu!"

Ya shiga ciki, ya fito da wani guntun katako, ya ajiye a kan injin yankan takarda. "Dattijo ne ya kawo wannan. Ya ce tsayin kantar kabad ke nan, kada wanda ya wuce shi, in ba haka ba gilashi ba zai rufu ba. Na ce masa tsofaffin nan za su ji jiki. Ya ce in rage ta ƙasa, sama akwai sunan mujalla da kwanan wata, kada a taɓa."

"Yaushe ya kawo?"

"Bayan kin daina zuwa."

"Kuma ba ka kira ni ba?"

"Ke kin ce bango. Bango na bar miki, ko ɗaya bai ɓata ba. Shi ya ce tsayi. Mai biyan kuɗi ya ce tsayi, ni in ce me?" Ya ɗan sassauta murya. "Layi ɗaya-ɗaya ne ya tafi a wasu wurare, yawanci sunan maɗaba'a. Ban karanta ba, Madam. In na tsaya karanta duk abin da nake yankawa, yunwa za ta kashe ni."

Na ce ina abin da aka yanke. Ya ce masu kiwon kaji ke zuwa kwasa duk mako, suna shimfiɗa wa 'yan tsaki. Na durƙusa duk da haka na tona buhun da ke bayan injin, siraran takardu kamar taliya, na ɗalibai, na coci-coci, na masu biki. Na tona har ƙasa. Babu ja ko ɗaya a ciki, duk farare ne sababbi.

A keke napep ina dawowa na yi ta juya abin. Shin kafinta ne ya yi kabad yadda ya ga dama, Dattijo ya auno kawai? Ko kuwa Dattijo ne ya fara auna takardar, sannan ya je wurin kafinta? Ranar da ya zauna yana bin watanni da yatsa, watanni yake dubawa ko tazarar layin nan daga bakin takarda? Abin da na sani, da na gan shi a lokacin da na manta furfurarsa.

Da yamma aka zauna a ofishin Fasto. Shugaban gunduma a tsakiya, dattawa a gefe, Mama Bibiana a kujerar roba kusa da ƙofa, ta sa zanen bikin jiya. Ban samu zarafin gaya mata ba. Ko kuma in ce na samu, na kasa.

Dattijo Felix ya yi bayani a natse. Ya ce ba mai ƙin Mama, za a ba ta ɗaki a harabar majami'a, kusa da famfo. Ya ce gidan an ba marigayi ne muddin ransa, kuma alhamdu lillahi yanzu tarihi yana a ɗinke, ba sai an yi musu ba.

Mama Bibiana ta ce, "Ai shi nake so a karanta. Ƙauna, karanta musu."

Na miƙe na ce kafin in karanta a sani an yanke layin ƙarshe a wurin ɗinki, kuma ina da hoton yadda yake tun asali. Na miƙa wayata. Shugaban gunduma ya duba waya, ya duba littafi, ya sake duba waya. Wani dattijo ya ce shi jikansa ya taɓa sa masa hoton kansa a cikin jirgin sama, alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Aka ɗan yi dariya.

Na ce, "Fasto ya karanta da idonsa. Fasto, ku faɗa musu."

Fasto ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Na karanta, gaskiya ne. Akwai dai magana kamar haka. Amma in ce ga kalmomin daidai, kada in yi shaidar abin da ban haddace ba."

Na ce, "A tambayi Dattijo wa ya kai katakon awo PZ! A tambaye shi me ya sa ya ce a yanke ta ƙasa!"

Dattijo Felix ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ni na kai. Kabad na yi wa ikkilisiya, na so littattafai su shiga. In an yi ɓarna, ban sani ba, kuma na yi baƙin ciki. Amma Malama ce ta yi ta sintiri a shagon nan, ita ta san abin da ke kowane shafi. Ni ko buɗe su ban yi ba."

Shugaban gunduma ya ɗaga hannu. Ya ce ba ya ƙaryata kowa. Ya ce amma majalisa ba za ta iya barin littafin da ke gabanta ta bi hoton waya ba, musamman da yake mai wayar kamar 'ya take ga mai ƙara. Ya ce in karanta abin da ke rubuce, don a shigar da shi yadda yake.

Na ɗauki littafin, nauyinsa kamar bulo. Na karanta. "Majalisar dattawa ta ba Mai Bishara Albert gidan ikkilisiya da ke Bomo, saboda hidimarsa, ya zauna a ciki muddin ransa."

A nan na tsaya.

Mama Bibiana ba ta ji rabin gardamar da aka yi ba, kunnenta ya yi nauyi. Tana dai kallon bakina tana murmushi, tana gyaɗa kai, tana jiran wurin da ta fi so.

Ta ce, "Ci gaba mana, 'yata."

Na ce, "Mama, iyakarsa ke nan."

"A'a. Shi da matarsa Bibiana. Ci gaba."

"Babu, Mama. An yanke."

Ta miƙo hannu, na ɗora mata littafin a cinya. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda abin yake, don ta sha ganin yatsan mijinta a wurin. Ta kai nata yatsan ƙasan shafin, ta shafa, ya zame ya faɗa kan zanenta. Ta sake shafawa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba Dattijo Felix ba, ba Fasto ba, ni.

Ta ce, "Ke kika ce mini ya shiga littafi."

Shugaban gunduma ya yi gyaran murya, ya ce a ba Mama har bayan kaka ta kwashe amfanin bayan gidanta, sannan ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'ar rufewa. Kowa ya sunkuya. Ni ban rufe ido ba, ina kallon Dattijo Felix. Nasa a rufe suke ruf, leɓɓansa na motsi, kuma ya fi kowa ƙarfin amin.